An Karɓa

Ƙarfe ukun dare a Tartu.
Kogin Emajõgi ya daskare tun Disamba,
ni kuwa ina ƙarƙashin bene da rigar sanyi biyu,
ina gadin wata na'ura mai girman akwatin tafiya
da muke kira uwar garke.
Mutum ɗari huɗu da sha ɗaya ke ajiye hirarsu a cikinta.

A da, in ka ƙwanƙwasa ka ce, wane yana nan?
sai ta gaya maka gaskiya,
kamar yaron da ba a koya wa ƙarya ba:
yana nan.
Ko kuwa: babu mai wannan suna a gidan nan.

Sai bara, cikin Maris,
wata na'ura daga inda ban sani ba
ta zo da jerin sunaye, ta faro daga A.
Aado. Aare. Aet. Agu.
Suna dubu tara kafin shayina ya huce.
Duk wanda muka ce yana nan, sai ta shafa masa alama.
Gari na wayewa garke ya tashi cikin shara:
maganin teɓa, rance babu ruwa,
wata mai takaba da zinariya a banki tana neman amintacce.

Raivo ya ce a ɗinke mata baki.
Kowa ya tambaya, amsa ɗaya: an karɓa.
Da mai rai, da wanda ba a taɓa haifa ba: an karɓa.
Na ce ai ƙarya ke nan.
Ya ce, shiru ne, Piret, shiru ba ƙarya ba ne.
Muka ja musu har wayarsa ta mutu.
Layi shida ya canza.

Shara ta ragu.
Kadri ta kawo mana kek ɗin tuffa, ba ta ce na mene ne ba.
Daga baya na gani a rajista.
Mutum ne, ba na'ura ba,
don na'ura ba ta tsayawa ta sha taba:
kadri, kadri84, sunanta kafin aure, sunan karenta.
Kullum dare.
An karɓa. An karɓa.
Bai taɓa sanin ƙofar da take numfashi a bayanta ba.
A watan Yuni ya gaji.

Jiya kuma wata tsohuwa, Helju,
ta sauko matakala sha bakwai da sandarta.
Ɗanta Indrek yana walda a tashar jiragen ruwa ta Bergen.
Sun rabu baram-baram a kan sayar da gida,
amma a bakin ƙofa ya rubuta mata adireshi a bayan rasit.
Wata goma sha ɗaya, duk Lahadi tana rubuta masa.
Ko uffan.
Ta ce, ba amsa nake nema ba, 'yar nan,
so nake in san ko yana karantawa.

Na ɗaga rasit ɗin saitin fitila.
Ɗayan da ya rubuta mai dogon hanci ne,
ita kuwa bakwai ta gani.
Saƙo arba'in da bakwai
ta zuba a rijiyar da babu ita,
mu kuma duk mako muna ce mata an karɓa.
Da tsohon bakinmu ne,
tun Lahadin farko da ta sani.

Ta dube ni. Yana nan?
Sai ga ni na zama uwar garken.
Na tuna mutumin Kadri. Wataƙila shi ma
yana da murya mai ban tausayi haka.
Na ce, Baba, gwada da ɗaya.
Iyakar abin da na ce ke nan, kuma na san na faɗa duka.

Yanzu layukan nan shida suna buɗe a gabana.
Raivo na barci. Bututun ɗumi na tari.
Ban goge ba, ban rufe ba.
A rajista, wani ya sake farowa:
Aado.
Aare.